Guɗar Da Na Yi A Ƙofar Gidan Rasuwa

Assalamu alaikum Edita. Abin da mutanen garinmu suka riƙe a kaina ba haka yake ba, kuma na gaji da jin sa a bakin waɗanda ko wurin ba su je ba. Wasu sun ce na san an yi rasuwa a gidan na je na yi guɗa da gangan. Wasu sun ce turo ni aka yi. Masu ganin suna tausaya mini kuma sai su ce ai yarinta ce, a yi mini uzuri. Duka ba su faɗi daidai ba. Ban sani ba, kuma ni ba yarinya ba ce. Akwai wadda ta sani ta yi shiru, ita ce yanzu ake shimfiɗa wa darduma a kowane biki, ni kuwa ake rufe wa ƙofa.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare a Karaye ba. Ban samu ci gaba da karatu ba, sai na kama kitso da lalle, sana'ar da na iya tun ina makaranta. Garinmu yana kan hanyar da ta haɗa Karaye da Rogo, ba zan faɗi sunansa ba balle na mazaɓarmu. Babu gidan da ban shiga ba a garin. Matan da ba sa fita, ni nake zuwa in same su har tsakar gida, in zauna a kan turmi, kan mace a tsakanin gwiwoyina tun hantsi har azahar. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani, idan magana ta zo mini bakina ba ya ajiye ta. Sannan Allah ya ba ni murya. Guɗata ake nema a kai amarya da ranar suna, idan na toshe hanci na rangaɗa ta, har bayan gari ana ji a san ni ce.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, mutum biyu ne daga garinmu suka fito neman kansila. Ɗaya ɗan kasuwar hatsi ne, ɗayan kuma tsohon malamin firamare da ya koma noman rake. Shugabar mata ta ɓangaren ɗan kasuwar ce ta zo har ɗakin mahaifiyata ta neme ni. Ta ce maza iyakarsu zaure, ƙuri'a kuwa tana cikin gida a hannun mata, kuma babu mai riƙe kan mace na tsawon wuni kamar ni, duk abin da na zuba mata a kunne sai ya zauna. Ta ce idan mutuminsu ya ci, famfon unguwarmu da ya mutu shi za a fara gyarawa. Na yarda. Famfon ya dame ni, amma gaskiya abin da ya fi ja na shi ne yadda manyan mata suka fara ce mini “'yar gaban goshi”, ana ba ni kujerar gaba a mota.

Sharaɗi ɗaya ta sa mini, kada in ƙara taka gidan malamin sai bayan zaɓe, don kada a ce ina kai musu magana. A gidan nan akwai mahaifiyarsa, tsohuwa ce da duk unguwa ke ce wa Iya. Ni nake wanke mata kai in kama mata ɗan gashin da ya rage. Kullum sai mun yi faɗa irin na kaka da jika. Ta ce hannuna kamar na mai sassabe, duk mijin da ya aure ni sai ya gudu da tsakar rana, ni kuma in ce mata wannan furfurar tata ko tsinken kitso ba ta cancanta ba, tausayi ne kawai yake kawo ni. Ta daɗe tana fama da ƙafa da hawan jini. Da aka ce in daina zuwa, na daina. Ta aiko a tambayi ko lafiya, na ce a gaya mata aiki ne ya yi mini yawa. Shi ya sa ban san jikin ya tsananta ba.

Ranar zaɓe na fito da mata tun da safe, gida gida. Kayan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take, masu goyo da yawa suka gaji suka koma. Waɗanda suka jure suka dangwala. Ni dai ban ga an ƙirga komai a gabana ba, aka kwashe akwati aka ce a Karaye za a faɗi sakamako, kuma a lokacin hakan bai dame ni ba ko kaɗan tunda ana ta raɗa mana cewa namu ne. Washegari muka sa ankonmu muka cika a-kori-kura, mata a ciki, samari a kan babura, muka tafi Karaye. Tun a hanya shugabar mata ta ce idan an dawo da nasara za a zaga gari, kuma ƙofar gidan malamin nan ce za a fi daɗewa, guɗar wurin tawa ce. Muka yi shewa.

Bayan azahar aka faɗi sakamako, mutuminmu ya ci. Muna cikin tsalle wayar shugabar mata ta yi ƙara. Ina kusa da ita, na ga ta koma gefe, na ga fuskarta ta canza, na ji ta yi salati ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta lafiya, ta ce babu komai, yara ne a gida. Muka kamo hanya da lasifika a kan mota tana ta waƙar ɗan takara. Muna isowa bakin gari ta bubbuga wa direba ta ce ya sauke ta, ba ta yi salla ba, mu ci gaba za ta same mu. Ta dafa kafaɗata ta ce ta bar mini amanar mata. Shi sabon kansila motarsa ta tsaya a Karaye, wai yana gaisawa da manya.

Bayan mun zaga gari, da muka karyo kwanar gidan malamin, sai ga tabarmi an shimfiɗa tun daga bakin zaure har gindin darbejiya, maza sun cika su, kowa ya sunkuyar da kai. A garinmu idan mutum ya faɗi zaɓe haka magoya bayansa suke taruwa a ƙofar gidansa a yi masa jaje, don haka abin da na ɗauka ke nan, kuma abin da duk wanda yake cikin motar nan ya ɗauka ke nan, ko da yanzu sun ce ba haka ba. Samari suka hau murɗa babura suna ihu. Na miƙe tsaye a bayan mota, na toshe hanci na rangaɗa guɗa, na sake, na kuma sakewa. Ban tsaya nan ba, na ɗaga murya na ce su share hawaye su sha ruwa, wanda ya kwanta ya kwanta ke nan ba zai tashi ba. Liman ya miƙe yana ɗaga mana hannu, ni a zatona roƙonmu yake mu tafi, sai na ƙara wata. Ban rufe baki ba aka fito da makara daga zaure. Iya ce a ciki, da hantsi ta cika. Malamin yana riƙe da gaban makarar. Ya ɗago ya kalle ni. Lasifika tana ta waƙa, direba ya rikice ya rasa inda zai kashe ta, haka aka wuce da gawar ta gefen motarmu.

Wani ya ɗauka a waya. Kafin magariba babu wayar da abin bai shiga ba daga Yammedi har Rogo. Babura ba su fito sosai ba, sauran matan duk sun duƙe, ni kaɗai ce a tsaye da hannu a hanci. Washegari da safe sabon kansila ya sa farar riga ya je ta'aziyya, ya zauna a tabarma ɗaya da malamin. A nan, a gaban liman da dattawa, ya rantse bai san ni ba, bai aike ni ba, wata mara tarbiyya ce ta shiga motar magoya bayansa. Shugabar mata kuwa ashe saukar da ta yi a bakin gari gida ta je ta cire anko ta sa hijabi, ta bi ta ƙofar baya ta shiga gidan rasuwar. Lokacin da nake guɗa a waje tana ciki tana taya su kuka. Matan gidan da bakinsu suka faɗa wa mahaifiyata, suna yabon ta.

Daga nan ƙofofi suka rufe. In yi sallama a gidan da na saba shiga ba sallama, a ce mini matar gidan ba ta nan, alhali ina jin muryarta tana daka. Wata amarya da muka gama magana zan yi mata lalle, uwarta ta aiko cewa hannun da ya yi wa gawa guɗa ba zai taɓa 'yarta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, har matan da muka hau mota ɗaya da su, waɗanda suka tafa mini, su ne suka fara janye 'ya'yansu daga wurina. Mahaifiyata ta daina zuwa biki da suna saboda habaici. Mahaifina bai doke ni ba, bai zage ni ba, ya dai daina amsa gaisuwata da suna, kuma ya koma yin salla a masallacin bakin kasuwa. Yayana ya kai ni gidan gwaggonmu a Fulatan wai in huta. Ranar kasuwar Rogo ina tsaye wurin mai kayan miya, wata mata da ban taɓa gani ba ta nuna ni da baki ta tambayi ƙawarta ko ba wannan ce mai guɗar gawa ba. Na tattara kayana na dawo gida. Idan ko'ina za a nuna ni, gara a nuna ni a inda aka san ubana.

Ina dawowa na wuce gidan shugabar mata. Na tambaye ta me aka gaya mata a waya a Karaye. Da farko ta ce ta manta. Da na ƙi tashi sai ta ce to an gaya mata, amma ita ta ɗauka direba ya sani, kuma da ta faɗa a can da an watse, mai girma kansila kuwa yana so gari ya ga jama'arsa. Ta ce in yi haƙuri 'yar nan, mutane mantuwa gare su, idan an zo rabon keken ɗinki ni ce ta farko. Na ce mata ta riƙe kekenta ta ɗinke bakinta da shi tunda ta iya shiru. Na je ƙofar gidan kansilan ma, na tare shi zai shiga mota. Ya yi dariya ya ce ƙanwata ai siyasa ta gaji haka, dole wani ya ɗauki laifi, in lafa tukuna, idan zaɓe na gaba ya zo zai neme ni don murya irin tawa ba a samun ta ko'ina. Wallahi da akwai dutse a hannuna da labarin nan ya canza. Shi da malamin yanzu sahu ɗaya suke a ɗaurin aure, suna cin goro tare. Famfon unguwarmu yana nan a mace.

Ba na cewa ni wankakkiya ce. Ko da babu gawa a gidan nan, zuwa ƙofar dattijon da ya koya wa yayyena karatu in yi masa guɗa don ya faɗi zaɓe rashin kunya ne, kuma babu wanda ya matse mini hanci. Na kuma bar tsohuwar da ta aiko nemana saboda wata ta ce in bar ta. Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma wanda ba nawa ba ba zan ɗaukar wa kowa ba. 'Yan mata 'yan'uwana, musamman ku da ake shigar da ku gidaje don kun iya sana'a ko kun iya magana, ku sani abin da 'yan siyasar nan suke so a wurinku shi ne amanar da mata suka ba ku. Za su ara su yi amfani da ita, ranar da ta fashe su ce ba su taɓa ganin fuskarku ba. Su maza za su shirya a tabarma ɗaya kafin a yi sadakar uku. Duk wadda ta sa ku a gaba ta sauka a bakin gari, ku sauka tare da ita.

Har yau ban yi wa mutanen gidan ta'aziyya ba. Mahaifina ya ce idan na je kora ta za su yi, mahaifiyata ta ce in bari a ƙara kwana biyu. Na gaji da jira. Ranar Juma'a da safe zan sa hijabina in tafi ni kaɗai, ta ƙofar gaba, in bi ta gaban malamin in durƙusa in gaishe shi ko ya amsa ko kada ya amsa. Zan shiga in samu 'yar Iya ta fari, in zauna duk inda ta nuna mini ko da bakin rariya ne, in roƙi gafara a kan abin da na yi, sannan in gaya mata wadda aka kira a waya a Karaye da abin da ta yi da labarin. Idan sun kore ni, Juma'a ta sama zan koma.