Roƙon Toka a Ƙofar Gayan

Ina aji biyu a jami'a, ina karatun aikin gona, Baba ya ce zai sayar da gonar kakanmu ta bayan Ƙofar Gayan. Wuta-wuta ta cinye ta, ciyawar nan mai tsotse dawa tun daga saiwa, ga takin zamani ya yi wuya a shekarun. Wani Alhaji mai buga bulo har ya taya. Baba tsohon ma'aikacin ofis ne, bai taɓa yarda noma abin karantawa ne ba, balle ga 'ya mace. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a gonar nan na yi wayo.

Na durƙusa na ce, "Baba, a ba ni damina biyu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, malamar gona. Biyu fa, ba uku ba."

A aji an koya mana cewa gajiyayyiyar ƙasa wuta-wuta take bi. Maganinta a ciyar da ƙasar, a ɗaga wa dawa ƙafa, a shuka wake da gyaɗa, a tuge ciyawar kafin ta zubar da iri. Abincin ƙasar kuwa yana jibge a gidajen birni: toka, kashin awaki, sharar tsakar gida. Sai dai namiji iyakarsa zaure, ni kuwa babu gidan da ba na shiga. Duk Asabar in na dawo daga makaranta sai in ɗauki kwando in bi gida-gida, mai jaki yana jirana a waje da mangala.

Na sha ba'a. Gwaggo, yayar Baba, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! 'Ya'yan mutane suna karatun likita, tamu ta tafi jami'a koyon kwasar kashin akuya." Amma ita ce ta fara tara mini toka a tsohuwar randa, har ta kafa wa maƙwabta doka kada wadda ta sake zubar da tata a lungu.

Daminar farko wake da gyaɗa kawai na sa, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Na tsorata, ban dai nuna ba. Ta biyu na jera dawa tsakanin wake. Wuta-wuta ta fito, amma jefi-jefi, na bi ta da hannu har bayana ya ƙage. Dawa ta fid da kai, ba irin ta zamanin kaka ba, amma dawa ce.

Bayan girbi Alhajin ya dawo. Na kawo musu ruwa zaure, na laɓe bayan ƙofa. Suka daɗe suna gaisawa, sannan na ji Baba ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Gonar nan ta sami mai ita."

Ya ƙwala mini kira. Na shigo, daɗi ya hana ni ɗaga kai. A gaban baƙon ya ce, "Malama, baɗi me za mu shuka?"