Ranar Da Na Fizge Jaka A Bayan Kasuwar Jalingo

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a unguwar Barade, abokina ya samu aikin shirya wa wani gidan talabijin wasan 'yan sanda da ɓarayi. Ya ce fuskata ta dace da ɓarawo. Ban tsaya tambayar ko yabo ne ba, na yarda, don duk wasan Kirsimetin da muka yi a coci muna yara, ni ne makiyayin da ba ya cewa uffan.

Aikina bai taka kara ya karya ba: in fizge jakar wata 'yar wasa a bayan kasuwa, in ruga. Abokina ya ɓoye kyamara a saman wani bene, wai yana son firgicin mutane ya fito na gaske. Bai sanar da kowa ba.

Na fizge, na zuba a guje. Ita kuwa ta kurma ihu, "Ɓarawo!" Ban yi taku ashirin ba wani mai baro ya sa mini ƙafa. Sai mari ta ko'ina. Ina cewa, "Fim ne, don Allah fim ne!" wani ya ce, "Mu ma fim ɗin za mu yi." Da na ji ana tambayar wa ke da fetur, sai na gane ƙona ni ake shirin yi.

Wata mai sayar da doya ce ta kutso ta kwanta a kaina. Ashe ɗanta yana ajina.

"Kar wani ya taɓa shi! Malamin yarona ne!"

Wani dattijo mahauci ya ɗaga hannu ya ce, "Useni," wato don Allah da Fillanci, "ku dakata a ji." Kafin nan abokina ya iso da kyamara a kafaɗa yana haki, 'yar wasan na biye tana kuka.

Da aka fara nuna shirin, gari ya ɗauka. Har a sakatariya wani ma'aikaci ya tare ni ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayon tsoro kamar ni ba. Na yi masa godiya kawai. Mahaifiyata kuwa sau ɗaya ta kalla, ta kashe talabijin ta ce, "Ka riƙe allinka."

Na riƙe. Haƙori ɗaya na rasa, kuma har yau in na taɓa gurbin da harshe sai in yi ajiyar zuciya in gode wa Allah. In na ji an yi ihun ɓarawo yanzu, nakan ruga wurin, ba don in daka ba, sai don in ce a dakata a ji.