Yadda Na Zama 'Yar Dugulas

Wata Litinin ce ta watan Oktoba, a shekarar da na cika bakwai, ana tsakar ɗaurin gero, Kaka ta riƙe hannuna ta kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Matamaye. Ƙafafuna duk ƙarangiya, don da sassafe sai da na kai awaki bakin gona. A gindin dogon yaro aka kafa tebur, malamin da muke kira Mushe yana zaune da babban littafi, ana ta shigar da sababbin yara. Da layi ya zo kaina, Kaka ta riga ta koma gefe tana gaisawa da wata mai ƙosai. Mushe ya ce, "Sunanki?" Na ce Rabi. Ya ce, "Sunan babanki fa?" Ni kuwa da baki kamar reza na ce, "Dugulas." Ya ɗago kai ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta.

Ban yi ƙarya ba, iyakar abin da na sani ke nan. A unguwarmu duk wanda ke zuwa ci-rani da garin da yake zuwa ake kiransa: akwai Ɗan Ikko, akwai Ɗan Fatakwal. Babana kuwa, da zarar an zuba gero a rumbu sai ya bi ta Daura ya nufi Owerri, inda yake kasa agoguna da tabarau a bakin wani titi mai suna Douglas. Yawan labarin titin nan a majalisa ya sa sunan ya bi shi. A gida kuma babu mai faɗin sunansa na yanka. Inna "Malam" take cewa, Kaka kuwa ɗan farinta ne, ko da wuƙa a wuya ba za ta ambace shi ba.

Sunan ya dame ni ƙwarai. Ina surfe ina juya shi a baki, ina ɗiban ruwa a rijiya ina tunanin ko wani waliyyi ne, ko sarkin Inyamurai. A filin gaɗa 'yan mata har waƙa suka yi mini da shi. Da Baba ya dawo farkon damina na tare shi yana gyaran hauya, ya yi dariya ya ce, "Wani Baturen mulki ne aka sa wa titi sunansa. Ma'anarsa kuwa sai ki tambayi uwarsa." Sai da na shiga kwaleji malamin Ingilishi ya duba mini a littafi. Ashe sunan wani rafi ne a ƙasar Sikotlan, ma'anarsa baƙin ruwa. Dangin da ke zaune a bakinsa suka ɗauki sunan, daga nan suka yi ta baza shi a kan garuruwa da tituna, har ya faɗo kan manomin gero a Matamaye, inda ruwa sai an zura guga. Na yi kwanaki ina mamakin wannan doguwar tafiya.

Amma kafin kwalejin sai da sunan ya kusa hana ni karatu. A ajin ƙarshe, da za a tura sunayenmu Damagaram don jarrabawar satifika, darakta ya kira ni ya ce ba ni da takardar haihuwa, kuma babu alƙalin da zai yi mini ita da Dugulas. Ko in kawo sunan gaskiya kafin a tashi daga lakwal ran nan, ko a tura babu ni. Baba yana Owerri, wasiƙa sai ta yi wata. Na ruga gida ina kuka. Kaka ta ce, "Ke, ba ni aka haifa yau ba," ta juya mini baya. Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, na durƙusa na ce shekara shida za ta tafi a banza. Ta daɗe tana juya muciya. Can, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Je ki ce masa sunan Annabin nan da kifi ya haɗiye." Haka na san ubana Yunusa ne, ina 'yar shekara goma sha uku.

Yanzu 'yan ci-rani kullum suna cikin waya, ba a daɗewa ba a ji su ba balle sunan gari ya manne musu, kuma 'yata sunan mijinta take kira gatsal a gabana. Ranar da Baba ya rasu aka yi shela cewa Malam Yunusa ya cika, mutane suka tsaya suna tambayar juna wane ne. Sai da wani tsoho ya ce, "Dugulas fa," sannan unguwa ta ɗauki salati. Ni ma a nan hawayena suka zubo.