Shayin Masarautu Takwas a Southall

'Yan gidanmu na Kano, kun ce daga makaranta sai gado na sani. To, ranar ɗaya ga Nuwamba na ziyarci wata jiha da ta mutu tun ba a haifi Ummana ba.

Barking

Gari bai waye ba a unguwarmu ta Barking, Umma ta yaye mini bargo. Maƙwabcinmu Kaka Bashir, wani tsoho ɗan Indiya da ƙafafu suka daina yi wa biyayya, zai je unguwar Southall, can yammacin gari, kuma ni zan tura kekensa na guragu. Na same shi ya sha rawani, ya zuba turaren da zai iya tayar da mutanen layinmu duka.

"Nafisa, tura a hankali," in ji shi. "Wakilin Malerkotla kike ɗauke da shi."

"Kaka, wakilin nan ya fi buhun shinkafa uku nauyi."

Whitechapel

A nan muka sauka daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka shiga jirgin da ke yin yamma. Kafin mu zauna ya fara ba ni tarihi. Da Turawa suka bar Indiya, masarautu takwas, har da tasu Malerkotla, suka haɗu suka zama jiha guda, Pepsu. Na ce sunan kamar na lemon kwalba, ya harare ni. Patiala ce babban birni, sarkinta ne shugaba. 'Yan siyasa suka yi ta kayar da juna har gwamnatin tarayya ta karɓe mulki na wani lokaci. Bayan shekara takwas aka narkar da jihar cikin Punjab, ranar ɗaya ga Nuwamba, yana ɗan makaranta.

"Mun kwana a jiharmu, muka tashi a ta wasu, alhali gadona bai motsa ba," ya ce.

Duk shekara a wannan rana, tsofaffin 'yan jihar sukan haɗu a wani shagon shayi. Bara su biyu suka rage, shi da wani abokinsa ɗan Patiala. In bana bai zo ba, Kaka ya ce ya rufe taron ke nan.

Southall

Mai shagon bai tambaye mu komai ba. Ya jera kofin shayi takwas, kowanne a madadin masarauta ɗaya, da buta guda babu komai a cikinta. Ni kuwa sanyi ya gama cinye mini yatsu, na kai hannu.

"Ajiye Nabha," Kaka ya ce. "Ba a shan masarauta ita kaɗai."

Ashe sai an juye duka a butar, sannan a raba. Kuma mutum ɗaya ba ya juyewa.

Muka jira. Duk wanda ya turo ƙofa sai Kaka ya gyara rawani. Shayi ya huce, ya yi fata. Can mai shagon ya matso, ya ce abokin yana asibiti, ba ya gane kowa. Kaka ya daɗe yana kallon kujerar da ke gabansa.

"Mu tafi gida," ya ce.

"Kaka, wace masarauta ce babu mai so?"

"Kalsia. 'Yar ƙarama ce."

"Na karɓe ta. Daga yau ni ce Sarauniya."

"Ke da ko taswira ba ki iya riƙewa daidai ba?"

"Ku da kuka iya, ina jihar?"

Ya yi dariya har ya ƙware, ya goge ido da bakin rawani. Ya juye huɗu yana kiran sunayensu, na juye huɗu. Kofin Patiala ya riƙe shi a hannu tukuna kafin ya zuba. Shayin ya yi sanyi kamar ruwan randa, muka shanye.

Gida

Bayan azahar muka iso, hannuwana sun ƙara tsawon kamu guda. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da mai shagon da ya ƙi karɓar komai. A bakin ƙofa Kaka ya ce, "Baɗi ki zo da wuri, ranki ya daɗe."

Umma ta ce Sarauniya ta wuce ta wanke kwanuka.