Gonar da Kakana Ya Sayar

Duk lokacin da na jiƙa gero, ƙamshinsa ba ya kai ni ƙasar Hausa, don ban taɓa zuwa ba. Unguwar Ruwais ta Jidda yake mayar da ni, wani tsohon gida kusa da teku, inda danshin iska ke hana shanya bushewa. Can kakana na wajen uba ya tsufa.

Yana saurayi ya zo aikin hajji, ya zauna, ya yi shekaru yana gasa tsire a bakin titi. A ƙauyensu ya baro gonar gado, ya ba wani amininsa aronta. Wataƙila ka san yadda aron gona yake: mai aro ya noma ya ci, amma bayan girbi sai ya kai wa mai gona ɗan wani abu, don kada a manta ko ta wane ne. Namu kwano biyu ne na gero, ƙulle cikin farin ƙyalle, alhazan ƙauyen ke kawowa duk shekara. Kaka ba ya bari a taɓa sai ya nutsa hannunsa ciki ya shaƙa. Sa'an nan mahaifiyata ta dama kunu, har maƙwabtanmu Larabawa su samu.

Ina aji biyar geron ya daina zuwa. Shekarar farko aka ce mantuwa ce. Ta biyu sai labari ya iso: aminin ya rasu, 'ya'yansa ke noman, kuma wani mai ƙarfi da ke gabas da gonar ya fara tuge gambar da aka shuka a kan iyaka, yana matsowa kowace damina. 'Ya'yan ba su da bakin hana shi, tunda ba tasu ba ce. Suka aiko suna roƙon a sayar musu.

Babana ya ƙi. A Jidda aka haife shi, amma da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune, kuma ran da kafili, Balaraben da ya tsaya masa, ya ce ya janye hannunsa, gonar nan kaɗai ce zai nuna ya ce tamu. Watanni shi da Kaka ba su ci abinci a kwano ɗaya ba.

Wata la'asar mai zafi na zauna gefen tabarmar Kaka ina bitar darasi. Malamarmu ta ba mu labarin yadda sarkin Rasha ya sayar wa Amurka da Alaska, ƙasa mai faɗi ta ƙanƙara, daga baya aka tono zinariya da mai a cikinta. Duk ajin mun yi masa dariya. Na fassara wa Kaka da Hausata mai ɗingishi, rabinta Larabci.

"Tsaya, amarya," in ji shi. Haka yake kirana don tsokana. "Daga gidan sarkin zuwa ƙasar, tafiyar kwana nawa?"

Na ce watanni, ga teku a tsakani.

"Yana da mutanensa a can?"

"Kaɗan ne, Kaka."

"Maƙwabcinsa fa, suna shiri?"

Na duba littafi. Ingila ce ke riƙe da ƙasar da ke gefen, kuma sarkin bai daɗe da shan kashi a yaƙin da suka yi ba, yaƙin da ya bar masa baitulmali a bushe.

Ya ja carbi kaɗan. "To ku daina yi wa bawan Allah dariya. Ya ga hannunsa ba ya kaiwa, sai ya zaɓi wanda zai miƙa wa tun ba a ƙwace ba."

"Zinariyar fa?"

"Ke da boko ya cika wa kai. Da ya riƙe, ai maƙiyinsa ne zai haƙe ta."

Sai da na ɗaga kai na ga Baba a bakin ƙofa. Ranar Juma'a, bayan sun sauko daga masallaci, shi da kansa ya danna lambar ƙauyen ya miƙa wa Kaka waya. Da aka tabbatar shaidu sun taru a can, na ji Kaka ya ce, "Na sayar muku. Abu ɗaya nake roƙo, ku mayar da gambar inda ubana ya shuka ta." Ya ajiye wayar, ya juya fuskarsa bango, ya daɗe a haka.

Hajjin da ya biyo baya, wani alhaji ya yi sallama a ƙofarmu da farin ƙulli. Kwano uku ne. Ya ce 'ya'yan aminin sun ce a faɗa mana wannan ba na gona ba ne, na zumunci ne, kuma akwai ɗaki a gidansu ko da wata rana. Kaka ya tura wa Baba ƙullin. Ranar na fara ganin hannun Baba cikin gero.

Yanzu Kaka yana kwance a ƙasar Jidda. Mun koma unguwar Madain Fahd, gero kuwa ana samunsa a leda a kowane kanti na unguwar Waziriyya. Har yau muna sabunta iƙama, kuma ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa a ko'ina. Wani lokaci nakan tuna sarkin nan, in ce ko shi ma ya juya fuskarsa bango.

Bana ma ƙullin ya zo, daga mutanen da muryarsu kaɗai na sani. Na kwance shi, na nutsa hannuna kafin kowa ya taɓa.