Kwaɗo na biyu a aljihun Malam Isuhu

Yau Talata, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe, ina tsaye bakin titi a unguwar Al Qusais, nan Dubai, ina jiran motar kamfani, Sani direbanmu ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam Isuhu ya rasu jiya."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya Litinin ne, tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana. Wutar lantarki ta kama shi a bayan wani gida, yana aiki a kan injin ɗumama ruwan ninkaya. Shi kaɗai aka tura. Mai ba fulawoyin gidan ruwa ne ya tarar da shi a kwance.

Jiya wuni na yi a sitonmu da ke unguwar DIP ina duba injunan da aka sauke. Ofis sun sani tun la'asar. Awa goma sha shida ba wanda ya ga ya dace a gaya mini, ni da nake bin sa aiki wata biyar.

Amma da ƙarfe takwas da minti biyar na safiyar nan sun sami lokacin turo saƙo a guruf ɗin ma'aikata. Sun ce ma'aikacin bai bi ƙa'idar kulle wuta ba, hujjarsu kuma an sami kwaɗonsa a aljihu.

Ma'aikacin. Ko sunansa ba su rubuta ba.

Wannan saƙon ne ya sa nake rubutun nan, kuma raina a ɓace yake. Zan faɗi abin da na gani, in ware shi da abin da aka gaya mini.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isuhu mutumin Maraɗi ne. Da Faransanci ya yi karatun lantarki. Ya daɗe a Dubai yana girka wa masu gidaje injin da muke kira hit-fam, wanda ke ɗumama ruwan ninkaya lokacin sanyi, ya sanyaya shi lokacin zafi. Ni kuwa na zo daga Kano da takardar digiri, ban taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya ba.

Ranar farko ya dubi takalmin ofis da ke ƙafata, ya ce, "Injiniya, ɗaurin aure za ka?" Ya ciro tsohon takalmin aikinsa daga bayan mota, ya cusa jarida a ciki don ya yi mini yawa. Shi nake sawa har yau.

Bai taɓa kiran sunana ba. Injiniya kawai. In na yi shirme, Injiniya babba.

Shi ya fahimtar da ni injin a minti biyu, abin da na yi zango guda ina haddacewa. Ya ce, "Wanga inji ɓarawo ne. Ba ya yin zafi da kansa, wajen iska yake sata ya zuba ma ruwa. Ba shi fili ya sha iska. Kunna shi da rana, sa'ad da iskar ke da abin sata. In an gama wanka ka rufe ruwan da tamfol, don ta sama zafin ke gudu. Voilà. Saura duk surutu ne."

Ran Juma'a yakan ja ni gidan da suke haya a unguwar International City, su shida, a yi tuwo. Yakan ce 'yan Kano ba su san miyar kuka ba, labarinta kawai suke ji.

Sai maganar kwaɗo.

Malam Isuhu kwaɗo biyu yake yawo da su, ja da shuɗi. In ya kashe makunni sai ya datse shi da kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Na tambaye shi amfanin na biyun, ya ce, "Gidan masu hali ba ya rasa waya ta biyu." Tastarsa ta gwada wuta ma ba ya yarda da ita sai ya fara gwada ta a soket mai wuta. Ranar da na miƙa hannu cikin inji ban gwada ba, ya doke mini hannu da bayan sukundireba, ya ƙi yi mini magana har muka yi azahar.

Wannan mutumin ake cewa ya yi sakaci.

Ranar Alhamis da ta wuce ni da shi muka je gidan. Ƙorafin mai gidan shi ne ruwa ba ya ɗumi. Na auna, digiri ashirin da uku. Yana son talatin kafin baƙinsa su zo ƙarshen makon nan.

Dalilin a fili yake. Waɗanda suka fara girka injin, ba mu ba, sun cusa shi a wani lungu tsakanin katanga da ɗakin famfo, don mai gida ba ya son ganinsa. Daga fankar injin zuwa bango santimita ashirin da biyu na auna. Littafin injin mita ɗaya da rabi ya nema. Iskar sanyin da ya fitar ita yake sake shaƙa. Tamfol kuma babu, wai yana ɓata kyan wurin.

Maimakon su matsar da injin, sai suka ƙara masa hita ta lantarki a gefe.

Malam Isuhu ya kashe makunnin waje, ya datse jan kwaɗo, ya buɗe murfi, ya sa tasta. Ta kama. A gabana ta kama. Muka bi wayar hitar, muka ga ta shige bango ta nufi cikin gida. Wato makunninta yana akwatin wutar da ke ciki.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Matar da ke kula da gidan ta leƙo, ta ce ma'aikata ba sa shiga, umarnin masu gida ne. Ta ƙofar gefe muke shigowa, ta nan muke fita. Ta ce mu faɗi wanda za a kashe, ita za ta kashe.

Ya ce, "Wanda ban gani da idona ba, ban kulle da hannuna ba? Khalas, magana ta ƙare. Ba ni taɓa shi."

Ya mayar da murfi. A mota ya rubuta komai a littafinsa da Faransanci, ya yage shafin ya ba ni. "Injiniya, sa musu cikin Turancinku. Nawa ba su karantawa."

Yanzu ga nawa laifin, kada wani ya riga ni faɗa.

Ran Alhamis ɗin na rubuta imel ɗin. Ban aika ba. Na tsaya neman tsohon zanen wayoyin gidan don in tabbatar, ina tsoron a ce sabon yaro ya ɗaga hankalin mutane a banza. Sai Asabar na sami zanen. Wayar ba ta ciki. Na aika da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da shida.

Ga ogan sashenmu kaɗai na aika. Sau biyu ina sa adireshin jami'in kiyaye haɗurra, sau biyu ina gogewa. Na ji kamar tsallake oga ne, kamar rashin kunya.

Oga ya amsa bayan minti tara, da kalma ɗaya mai nufin ya gani.

Ranar da yamma na ga Malam Isuhu a farfajiyar sito yana wanke hannu a famfo. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya ce, "Ka aika?" Na ce na aika ɗazu. Ya yi dariya. "Kwana biyu kana goge wasiƙa sai ka ce takalmin Sallah. Bon. Allah shi yi ma albarka. Su tada injin daga lungun nan, su sayi tamfol, ko hitar ba su buƙata."

Abin da ya faru Litinin ban gani ba. Daga bakin Sani na ji, kuma na tambaye shi ko in sa sunansa, ya ce in sa.

Sani ya sauke Malam Isuhu a gidan ƙarfe ɗaya da rabi. A hanya oga ya kira Malam a waya. Sani ɓangaren Malam kawai ya ji. Ya ji ya ce, "Sai an kashe na ciki." Ya saurara, sannan ya ce, "To su bar ni in kulle." Da ya ajiye wayar ya ce wa Sani, "Wai an yi magana da gidan." Sani ya taya shi shigar da kaya, kuma kafin ya fita ya ga jan kwaɗo a datse a makunnin waje.

Jan yana inda ya kamata. Wanda aka samu a aljihu shuɗin ne, in dai ba wani na uku ya saya ba. Makunnin da zai datse da shi yana bayan ƙofar da ba a bari irinmu su shiga.

Wannan ne abin da saƙon guruf bai faɗa ba.

Yau ƙarfe tara da rabi oga ya kira ni ofishinsa. Ya turo mini takarda mai shafi ɗaya. Ta ce a iya sanina ba a taɓa kai rahoton wata matsalar wuta a gidan ba, kuma marigayin yakan yi gaggawa a aiki.

Na ce, "Oga, na aiko maka imel ran Asabar."

Ya ce, "Habibi, wannan shawara ce ka bayar, ba rahoto ba. Kowa yana cikin baƙin ciki. Sa hannu a rufe maganar, iyalinsa su sami gawa da wuri. Ba ka son haka?"

Ya duba kwamfutarsa, ya ce, "Saura kwana goma sha tara ka gama watannin gwaji, ko? Kai yaro ne mai hankali."

Ba zan yi ƙarya ba, bizata a hannunsu take. Shekara biyu na yi a gida ina neman aiki kafin wannan. Na ce ya ba ni zuwa ƙarfe biyu in karanta. Shafi ɗaya. Shi ma ya san ba karatu zan yi ba.

Na fita na buga imel ɗin da amsarsa, na haɗa da shafin Faransancin, na tafi wajen Alhaji Mamman, yayan Malam Isuhu, mai harkar kago, wato aika kaya gida, a nan Dubai. Na same shi zaune da mutanen Nijar suna karɓar gaisuwa. Ya karɓi shafin, bai kai layi na biyu ba ya tsaya. Ya ce, "Hannun Isuhu ne." Ya karanta har ƙarshe a bayyane, yana fassara wa waɗanda ba sa ji.

Sannan ya ce, "Ɗana, ka san mi za ya biyo baya gare ka?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To zamna ka sha ruwa tukuna."

Ƙarfe biyu saura minti huɗu na mayar wa oga takardarsa yadda ya ba ni. Na gaya masa na ba dangin kwafi, kuma duk mai binciken da ya tambaye ni abin da na gani zan faɗa masa. Na tura wa jami'in kiyaye haɗurra imel ɗin ma, a gabansa. Kwana uku a makare.

Ya ce in tafi gida tukuna.

Masu rubuta "Allah ya jiƙansa, amma a riƙa kula," ku goge. Ba ku san shi ba. Masu ce mini ƙaddara ce in bar maganar, na yarda kwanansa ne ya ƙare, ban taɓa musu ba. Amma yarda da ƙaddara bai ce in sa hannu a kan ƙarya ba. Yana da 'ya'ya mata uku a Maraɗi. Ba za su girma ana ce musu gangancin ubansu ne ya kashe shi ba.

Digiri bakwai ake nema a ƙara wa ruwa. Tamfol da matsar da inji sun isa. Ya faɗa da baki, ya rubuta da hannu.

Allah ya gafarta wa Malam Isuhu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi guminsa a matsayin ibada. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Alhaji Mamman da iyalai haƙuri. Ni ma Allah ya yafe mini jinkirina. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a da sunansa.

Yanzu ƙarfe biyar saura kwata. Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ban san da wa oga ya yi magana a gidan ba, ko ma ya yi.

Ban san ko an kashe makunnin cikin ba. In an kashe, ban san wanda ya mayar da shi ba, ko me ya sa. Wataƙila wani abu ne ya ɗauke a kicin. Zato ne, ban tabbatar ba.

Ban san abin da tastarsa ta nuna masa kafin ya sa hannu ba. Na san dai ba zai sa ba sai ta nuna babu wuta.

Ban san minti nawa ya yi a kwance kafin a gan shi ba.

Ban san ko jan kwaɗon yana wurin har yanzu ba, ko an cire.

Ban san ranar da za a ba da gawarsa ba, ko a nan za a rufe shi ko a Maraɗi, kuma ban san ko ƙin sa hannuna zai ja wa iyalinsa jinkiri ba.

Ban san ko gobe motar kamfani za ta tsaya mini ba.

Ban san ko da na bar adireshi na biyun nan, na jami'in kiyaye haɗurra, ran Asabar, da an hana a tura shi ba.