Bari In Tambayi Ƙasa

Duk wanda ya san Baba Alhaji, surukina, ya san shi da buta. Ba don alwala kaɗai yake yawo da ita ba. In ya zo ƙofar ɗakinka sai ya tuɓe takalmi, ya tsiyaya ruwa a daɓe, ya goga tafin ƙafarsa, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. Ka ce masa bismillah, ya ce, "Dakata, bari in tambayi ƙasa."

Mu na gida mun san mafarin abin. Ciwon yana ne ya fara rufe idon Hajiya, matarsa, har wata rana ta zame a kan siminti wajen alwala, ta yi jinyar ƙugu damina guda. Mai ɗori ya ce in ta sake faɗuwa, ba ta ƙara tashi. Tun daga nan Baba ya ƙulla gaba da duk wani abu mai santsi.

Kun tuna sunan da aka yi a Tsibiri, gidan amininsa? Mutumin ya sa an goge masa siminti har ana ganin fuska. Baba ya tsiyaya, ya goga, ya ja da baya.

"Alhaji, shigo mana!"

"Kai ka ce in shigo, ƙasarka ta ce a'a. Miƙo mini tuwona nan."

A bakin ƙofa ya ci, har da neman ƙari!

To, zamanin Shugaba Diori, shekarar da gyaɗa ta yi albarka, ya tashi gina gida a Sabon Gari. Maigidana Sani, babban ɗansa, ya nace sai an shimfiɗa karo, wato tayil, farare masu walƙiya irin na gidajen manyan ma'aikata. Suka tafi kanti tare. Mai kanti ya jera samfuri a ƙasa yana ta zuba yabo. Baba ya zuba ruwa. Ya ciro sabulu daga aljihu ya goga. Sannan, jama'a, ya fito da kwalbar man gyaɗa!

"Alhaji, wa zai zuba mai a ɗaki?" in ji mai kanti.

"Ba ka san surukata ba."

Ni ke nan fa! Ina gida ban san ana cin mutuncina a kasuwa ba.

Ya dubi Sani. "Kai ka ce shina da kyau. Taka."

Sani ya taka, da babbar rigarsa da komai. Ƙafa ta yi gabas, hula ta yi yamma. Baba bai ko miƙa masa hannu ba. "Wanga na masu ƙugu biyu ne," ya ce. "Mu guda gare mu."

Can bayan kanti ya tono wani karo ja mai kaushi, wanda ƙura ta binne don ba mai so. Kuna tsammani ya saya? Ina! Guda ɗaya ya karɓo aro, ya kai garkarsa ta Jiratawa, ya dasa a bakin rijiya don ya ga halinsa in gansakuka ta hau. Magina suna zaune, gida ba daɓe, mu kuwa muna jiran hukuncin rijiya. Har jakinsa sai da ya sa ya taka. Da jaki ya wuce lafiya ya ce, "To, shaidu sun cika."

Wayyo, karon nan ya ci mini tsintsiya! Kwano in ya faɗi, sai dai a yi masa addu'a. Na kai ƙara, ya ce, "Tsintsiya akwai ta kasuwa. Kin taɓa ganin inda aka kasa ƙugu?" Kuma daga ƙofar Hajiya zuwa makewayi ya sa aka jera layi guda na wanda ya fi kowane kaushi, ya tsaya a kan magina kamar soja.

Abokansa suka samu abin tsokana. "Alhaji, duk wanga wahala don Hajiya?"

Sai ya haɗe rai. "Wace Hajiya? Don ƙahwata na yi!"

Hajiya tana jin su daga ɗaki, ta rufe baki da gyale. Dattijon nan da ya furta don ita ya yi, gara ya hau karon Sani da man gyaɗa.

Shekarar babban fari ya rasu. Lokacin idon Hajiya ya gama rufewa. Washegarin jana'iza, da aka kira azahar, na ga ta miƙe da butarsa a hannu. Na ruga na kama ta. Ta laluba da ƙafa har ta ji layin nan, sannan ta zame hannunta daga nawa.

"Sake ni, ɗiyata. Alhaji na riƙe da ni."

Ta tafi, ta dawo. Haka ta yi ta yi har ƙarshen ranta, ba ta ƙara faɗuwa ba. Yau ga ni da furfura da ciwon gwiwa, layin nan nake bi, ina gode wa mutumin da na sha yi wa gunaguni.

Allah Ya jiƙan Baba Alhaji, Ya haɗa shi da Hajiyarsa. Ya Allah, yadda ya tsare mana ƙafafunmu, ranar hawan siraɗi Ka riƙe tasa, kada ta zame.